"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba": amsa ce ko rufe baki?

Ɗalibar Jinya: Assalamu alaikum. Ina ƙarin karatun da nas kan yi don ta riƙa duba marar lafiya da kanta, ta gano ciwo, ta rubuta magani. Yanzu muna koyon aiki a asibiti ƙarƙashin wata babbar malama. Yau aka kawo yaro ɗan wata takwas yana tari. Na ƙirga numfashinsa 46 a minti, alhali ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai wata 2 zuwa 11 sai ya kai 50 ake cewa numfashinsa ya yi sauri. Malama ta ce a kwantar da shi. Da na nemi dalili, ta jefa min wannan karin magana ta yi gaba. Har muka ɗan yi sa'insa. Ku fa, ya kuka gani?

Tsohuwar Sista: 'Yata, ƙirga numfashi ba shi kaɗai ba ne. Kin ɗaga rigarsa kin ga ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska? Yana kama nono? Jikinsa ya saki? Ita ta hango. Amma malamin da ya hango bai nuna ba, rabin aikinsa ya yi.

Malam Dogo: Ni a wajen wa'azi na fi jin karin maganar nan, kuma kan biyayya ga iyaye ake kawo ta. Ba a yi ta don asibiti ba.

Baƙon Amurka: Aikin nan da kike koyo a jihar Kolorado ta Amurka aka fara shi a 1965, wata nas Loretta Ford da likitan yara Henry Silver. Manyan lokacin, likitoci da su kansu nas-nas, da yawa ba su so ba. Da sun bi karin maganar nan, da yau ba kya wannan karatun.

Jikar Hajiya: Kun tuna min da kakata, Allah Ya jiƙan ta. Ungozoma ce, ko alif ba ta sani ba. Mai ciki za ta shigo gaisuwa kawai, Hajiya ta ja fatar idonta ƙasa, ta danna mata ƙafa da yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba sai ta ce wa mijin, "Yau ɗin nan ka kai ta asibiti." Wata rana wani ya yi mata gardama wai matarsa ƙiba ce ta yi. Hajiya ta ɗauki mayafinta ta zauna a ƙofar gidansa, ta ce ba inda za ta sai an nemo mota. A asibiti aka ce jininta ya hau sosai, aka riƙe ta. Amma in an tambaye ta yadda ta gane, sai ta ce "idona ne." Mu jikokinta ba wadda ta gaji ko ɗaya.

Tsohuwar Sista: Allah Ya gafarta mata. Ciwon ke nan, ilimin ya bi ta kabari.

Ɗan Zolaya: Ai manyanmu na yanzu ma suna hange. Tun daga kan kujera suke hango asibitin ƙasar waje, na ƙofar gidansu ne dai rimi ya tare musu.

Malam Dogo: Kai dai ba a magana sai ka kawo siyasa.

Ɗan Zolaya: Malam, lokacin zaɓe mu ne manya, har durƙusa mana ake.

Jikar Hajiya: Kuma fa Hajiya takan yi kuskure. Sau biyu ta ce namiji ne, aka haifi mace.

Baƙon Amurka: Wannan ko na'ura takan yi shi. Ɗan Zolaya, wanda ya durƙusa maka ya dawo kuwa?