Hawainiya ta ƙi ci: shawarwarin masu kiwo a taƙaice

An tambayi masu kiwo abin da za a yi in hawainiya ta ƙi cin abinci. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce a fara duba ɗumi. Hawainiya ba ta narkar da abinci sai jikinta ya ɗumama. Irin ta ƙasar Yaman tana son wurin shan ɗumi mai digiri 29 zuwa 32. In babu, abinci ya tsaya mata a ciki, ta daina ci.

Ruwa kuma ba ta sha a kwano, ɗigon kan ganye take lasa, sai a riƙa fesawa. Farin da ke jikin kashinta in ya koma ruwan goro, ƙishirwa ce. Ƙwaron da za a ba ta ta ci kada ya fi faɗin kanta. Ɗura kuwa, kusan kowa ya hana.

In idanunta sun zurma, a garzaya wurin likitan dabbobi da ɗanyen kashinta, a duba tsutsar ciki.