Su buɗe wa yaran nan ƙungiyarsu mana

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da ni, yau raina a ɓace yake. Shekara biyu ke nan Ilham da ƙawayenta suna bin hukumar jami'arsu a kan a sake buɗe reshen wata sororiti da aka rufe tun kafin su shiga makarantar. Ga wanda bai sani ba, ƙungiya ce ta ɗalibai mata zalla, irin masu suna da haruffan Girkanci a nan Amurka. An rufe reshen ne saboda wasu siniyoyi sun sa sababbin shiga gwale-gwale cikin dare. Waɗanda suka yi laifin duk sun gama sun tafi. Yaran nan sun tara sa hannu, sun samo tsofaffin 'yan ƙungiyar da za su tsaya musu, uwar ƙungiyar ta ƙasa ma ta rubuto ta amince. Jiya aka kira su aka ce sai baɗi, wai masu neman shiga ba su kai a ƙara reshe ba. Ilham ta kira ni tana kuka. Ita kaɗai ce mai hijabi a ajinsu, tafiyar awa shida ce tsakanina da ita, kuma waɗannan yaran ne suka kwana da ita a asibiti bara. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, don me za a hukunta waɗanda ba su ji ba ba su gani ba? Zumunci ne da taimakon juna, suna da ɗan asirinsu na cikin gida kamar kowace ƙungiya, shi ke nan. Don Allah wa za mu rubuta wa?

Alhaji Mudi: Wa alaikumus salam Hajiya. Da bakinki kika ce asiri. Ni a nan na tsaya da karatu. Ki gode wa Allah da ya sa aka rufe, ki ce wa yarinya ta kama karatunta.

Maman Ilham: Haba Alhaji, ba irin wannan asirin nake nufi ba.

Malam Sani: Hajiya, asiri ai asiri ne. Mu da muke koyarwa a gida mun san yadda abin yake farawa. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a kwalejin jami'a ta Ibadan, da niyyar yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'yan boko. Wa ya zaci zai kai inda ya kai? Daga nan Buccaneers ta ɓalle, Black Axe ta fito a jami'ar Benin a 1977, har mata suka yi nasu. Ranar 10 ga Yuli 1999 aka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'ar Ife da asuba aka kashe ɗalibai biyar, har da sakataren ƙungiyar ɗalibai. Su ma zumunci suka ce da farko. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Ummi: Kawu Sani, da girmamawa, abin da kake faɗa daban, wannan daban. Ni 'yar sororiti ce tun ina aji biyu, Mama ta sani, Baba ya sani. Sunayenmu suna ofishin makaranta, akwai makin da in ka faɗi ƙasa da shi za a dakatar da ke, muna sa rigar ƙungiya da rana tsaka kowa yana gani. Ɗan ƙungiyar asiri yana ɓoye cewa yana ciki, mu kuwa a takardar neman aiki muke rubutawa. Alpha Kappa Alpha a 1908 aka kafa ta a jami'ar Howard, lokacin da baƙar mace ba ta da inda za ta sa kanta a jami'o'in ƙasar nan. Delta Sigma Theta ta biyo a 1913, mata 22 suka kafa ta, kuma a watan Maris na shekarar suka shiga zanga-zangar neman 'yancin zaɓe na mata a Washington. Kamala Harris 'yar Alpha Kappa Alpha ce.

Alhaji Mudi: Kamala ce za ki kawo mana hujja? Bayan abin da muka gani a kan Gaza?

Baban Khalifa: Alhaji, dokar gidan nan ba siyasa.

Dakta Bashir: Ina ganin kalma ce ta raba mu. Da Hajiya ta ce sirri da duk wannan bai taso ba. Sirri da asiri tushensu ɗaya ne a Larabci, amma Bahaushe ya raba musu aiki a wasu wuraren. Kuma ko asirin ma ba kullum ne mugu ba. Kowannenmu in ya ɗaga hannu cewa yake Allah ya rufa mana asiri. Akwai wanda ya taɓa jin tsoron wannan addu'ar?

Hajiya Turai: Dakta, mu a Damagaram in aka ce wance tana da asiri, wurin boka ake nufi. Babu wata fassara.

Dakta Bashir: To in aka ce asirinta ya tonu fa, Hajiya? Layarta ce ta faɗi?

Hajiya Turai: Wannan Hausar littafi ce. Ni Hausar da na sha a nono nake faɗa maka.

Dakta Bashir: Ni ma a Katsina aka haife ni, ba a littafi ba.

Malam Sani: A bar nahawu. Ummi, tambaya ɗaya zan yi miki. Ranar da aka shigar da ku, me aka yi a ɗakin? Me kuka faɗa?

Ummi: Kawu, na yi alkawari ba zan faɗa ba. Abin da zan iya cewa, babu jini, babu duka, babu giya, babu abin da ya taɓa sallata. Gaisuwa ce ta hannu da ma'anar taken ƙungiya da wasu kalmomi.

Malam Sani: Jama'a kun ji. Ta yi alkawari ba za ta faɗa wa kawunta ba.

Alhaji Mudi: Magana ta ƙare. Abin da ba za a iya faɗa wa iyaye ba, sunansa asiri ko Dakta ya yarda ko bai yarda ba.

Ummi: Baba Alhaji, kai ma a kamfanin da kake tuƙi ka sa hannu a takardar cewa ba za ka fitar da bayanan fasinja ba. Cika alkawari laifi ne?

Alhaji Mudi: Yarinya, ni za ki yi wa misali da aikina? Na girmi ubanki.

Ummi: Allah ya huci zuciyarka Baba, ban yi nufin raini ba.

Anti Rabi: Maman Ilham, bari in amsa abin da kika tambaya tunda kowa ya tafi wani wuri. Na farko, ki gano a ƙarƙashin wace inuwa ƙungiyar take. Akwai babbar majalisar da ta haɗa sororiti 26, akasari na asalin fararen fata, akwai kuma ta baƙar fata mai ƙungiyoyi tara, huɗu na mata biyar na maza. In ta farkon ce, a ƙa'idarsu rassan da ke cikin makarantar su ne ke kaɗa ƙuri'a kan ko a ƙara wani, kuma sukan ji tsoron sabon reshe ya janye musu yara da kuɗin shiga. Wataƙila ma ba hukumar makaranta ce ta hana ba, kishiyoyi ne. Na biyu, yaran su nemi wasiƙar da aka rufe reshen da ita, galibi akan rubuta shekarar da za a iya dawowa. Na uku, su nemi alƙaluman masu neman shiga na shekarun nan a rubuce. Kuma kada su karaya. A 2016 Harvard ta kafa doka cewa duk ɗalibin da ya shiga ƙungiyar jinsi ɗaya ba zai shugabanci ƙungiyar ɗalibai ba, ba zai zama kyaftin ɗin wasa ba, ba za a tsaya masa wajen neman tallafin karatu na Rhodes ba. Manyan kulob ɗin maza masu tsohon arziki aka nufa, amma na mata ne suka fara mutuwa, zuwa 2018 wasu sun rufe wasu sun koma gauraye. A Disambar shekarar aka kai ƙara, a Yunin 2020 Harvard ta janye dokar. Wannan shi ke ci mini rai a lamarin, sau da yawa matsalar daga ɓangaren maza take tasowa, 'yan mata su rasa wurin zamansu.

Alhaji Mudi: Kullum maza. Hajiya da kanta ta ce mata ne suka yi gwale-gwalen.

Malam Sani: Kuma ku daina nuna kamar can ba a mutuwa. A 2017 wani yaro ya mutu a jami'ar Penn State bayan an ɗirka masa giya a daren shiga, ya faɗo daga bene, aka bar shi sa'o'i ba a kira asibiti ba. In babu matsala me ya sa Biden ya sa hannu a dokar hana wannan azabtarwar a Disambar 2024?

Anti Rabi: Ƙungiyar maza ce wannan, Malam. Kuma dokar da ka ambata ita ce ta tilasta wa jami'o'i su wallafa sunan duk ƙungiyar da aka kama. Uwa za ta iya dubawa kafin 'yarta ta shiga. A ina aka taɓa wallafa sunayen 'yan ƙungiyar asiri da son ransu?

Ummi: Kuma Kawu, makarantun kwana na gida fa? Siniyoyi ba sa sa yara tsallen kwaɗo da ɗibar ruwa da asuba? An rufe makarantun ne? Laifi tudu ne.

Malam Sani: Na gane. Mu na gida ba mu waye ba, ku da kuka haye ruwa ku ne kuka san komai. Ni na binne ɗalibi, Ummi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Dakta Bashir: Allah ya ji ƙansa, Malam. Babu wanda ya ce ba ku waye ba.

Ustaz Nura: Ni damuwata aƙida ce. Rantsuwa da wanin Allah shirka ce. Kuma tambarin Delta Sigma Theta ɗin da aka yaba a sama yana ɗauke da hoton Minerva, gunkiyar Rumawa. Har wasu Kiristoci sun fice daga irin waɗannan ƙungiyoyi saboda haka. Akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi a ƙasar nan tun 1963. Me ya hana Ilham ta riƙe ta?

Maman Ilham: Ustaz tana ciki. Ranar Juma'a kawai suke haɗuwa, mata bakwai ne, kuma shugabancin duk maza ne.

Ummi: Akwai sororiti na Musulmi ma. Gamma Gamma Chi tun 2005, Mu Delta Alpha a jami'ar Texas ta Dallas tun 2016. Babu giya, babu cakuɗa.

Ustaz Nura: To me ya kai su ga haruffan Girkawa? Larabci ya ƙare ne?

Hajiya Turai: Ni tambayata, ita wannan da Ilham ke wa kuka, za su ma karɓi baƙa mai hijabi? Ba a 2013 ba ne jaridar ɗaliban jami'ar Alabama ta tona cewa ana ƙin ɗaukar baƙaƙen yara saboda tsofaffin 'yan ƙungiya sun hana? Ga kuɗi, a inda suke da gidajen kansu dubban daloli ne a shekara. Gara ta zo mu sa ta a adashi, shi ma zumunci ne, shi ma yana da sirrinsa.

Dakta Bashir: Kin ga yanzu da kanki kin ce sirri.

Maman Sadiq: Wane adashi, Hajiya Turai? Wanda har yau ban ga kwasata ta watan Sha'aban ba?

Hajiya Turai: Subhanallah. A nan za ki tona wannan? Na ce miki mutum biyu ne ba su zuba ba.

Maman Sadiq: To ki faɗi sunansu.

Hajiya Turai: Ba zan faɗa ba, amana ce.

Maman Sadiq: Wata takwas ina jira, Hajiya. Kuɗin makarantar Sadiq ne.

Alhaji Mudi: Ni dai matata ta zuba nata, ina da shaida, kada a kalle mu.

Maman Sadiq: Wa ya kira sunanka, Alhaji?

Baban Khalifa: Ya isa haka. Maganar adashi a kai ta wurin iyaye mata. Bari in taƙaita don waɗanda suka shigo yanzu. Maman Ilham ta kawo kukan cewa an hana 'yarta shiga wata ƙungiya mai asiri. Manyanmu, Alhaji Mudi da Malam Sani da Ustaz Nura, sun kawo hujjoji daga tarihi da addini cewa abin haɗari ne, har an rasa rayuka a Ife da Penn State. Wadda take ciki da kanta ta tabbatar akwai abin da ba za ta iya faɗa wa iyaye ba. Dakta ya yi bayanin kalmomi, mun gode. Ra'ayin mafi rinjaye shi ne rufewar alheri ce, kuma ni ma da 'yata ce haka zan ce. Ummi, ki kira Alhaji ki ba shi haƙuri.

Anti Rabi: Baban Khalifa, wa ya ƙirga rinjayen? Kuma duk abin da na rubuta bai shiga taƙaitawar ba?

Maman Ilham: Ban ce an hana ta shiga ba, na ce an hana su buɗewa. Rabi, na tura wa Ilham saƙonki, ta ce wasiƙar tana hannun ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan ƙungiyar, kuma shekara huɗu aka rubuta a ciki, yanzu ana cikin ta biyar. Zan kira ki bayan Isha'i mu tsara abin da za su rubuta.