Alamomin da ke dawowa a labarin matasa kan firgici: guda nawa, kuma sau nawa?

ƳarGarinMalam:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar marubuta da malaman adabi. Ina da ƙagaggen labari na matasa ƴan shekara 13 zuwa 17, babi 24. Tauraruwar yarinya ce mai shekara 14 daga wani ƙauye na bakin kogin Komadugu kusa da Bosso a jihar Diffa, an kawo ta wajen gwaggonta nan Damagaram bayan harin Boko Haram na watan Fabrairun 2015. Ba ta faɗa wa kowa abin da idonta ya gani. Don haka na sa abubuwa shida suna ta dawowa: ƙamshin tattasai, ƙarar moto (babur), ruwa, mabuɗin gidansu, fasasshen madubi da tsuntsu cikin keji. Waɗanda suka karanta sun ce abin ya yi yawa, wai tun babi na 5 madubin ya ishe su. Wanne zan bari, wanne zan cire, kuma sau nawa ya kamata kowanne ya fito?

MaiGyaranRubutu:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Madubi da tsuntsu ki fitar da su yau. Ga yadda ake gwadawa: ɗauki alamar ki kai ta labarin wata yarinya a wata ƙasa. In ta zauna daram, to ba ta labarinki ba ce. Fasasshen madubi zai shiga kowane littafi. Mabuɗin kwaɗon gidan da ba a san ko yana tsaye ba, wannan na yarinyarki ne ita kaɗai. Gwaji na biyu: tana taɓa abin da hannunta, yana yi mata wani aiki a rayuwar yau da kullum? Tsuntsun kallonsa kawai take yi, marubuciya ce ta rataye shi don a ce an yi alamci.

A littafi mai babi 24, uku sun isa: babba ɗaya, ƙanana biyu. Babbar ta fito sau biyar ko shida, da tazarar babi uku aƙalla. Ƙananan sau uku ko huɗu. Alama kamar kanwa ce a miya, in ta wuce ƙima ita kaɗai za a ji.

Amma ba yawan fitowa ne ya gajiyar da masu karatunki ba, fitowa iri ɗaya ne. Duk sa'ad da abin ya dawo, abu ɗaya ya canza: ko wanda ke riƙe da shi, ko wurin, ko abin da yarinyar ta yi da shi. Buɗe kaye, wato littafin rubutu, ki ja layi huɗu: babi, wuri, wa ke riƙe da shi, me ya canza. Inda layi na huɗu ya zauna fayau, soke wannan fitowar. Misali da mabuɗin. Babi na 2, yana rataye da zare a wuyanta ƙarƙashin hijabi, a ambace shi a wuce, kada a tsaya kansa. Babi na 7, mai kitso ta kai hannu za ta gusar da zaren, yarinyar ta kama mata hannu da ƙarfin da ya ba kowa mamaki. Babi na 12, babu kowa a gida, ta zura shi a kwaɗon ɗakin gwaggo, ta san ba zai buɗe ba, amma ta gwada. Babi na 17, wani baƙo daga gabas ya ce ai gidajen unguwarsu ko ƙyaure babu. Daga nan mabuɗin ba ya buɗe komai a duniya, kuma har yanzu ba ta cire shi ba. Mai karatu ɗan shekara 14 zai gane wannan ba tare da kin ce uffan ba.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne jimlar da ke biyo baya, irin su "mabuɗin ya tuna mata da duk abin da ta rasa". Ki bi littafin ki goge ire-irenta kaf. Na biyu, a cika alamar a babi uku na farko da biyu na ƙarshe, tsakiya a manta da ita. Na uku, a tura ta cikin mafarki. Mafarki ɗaya ya wadatar a littafin duka.

Ma'aikacinLafiya:

Malama, ina tare da Yaya mai gyara, sai dai a raba abu biyu. Mabuɗi ita ta zaɓi riƙe shi. Ƙarar moto ba ta zaɓa ba, auko mata take yi. Ba a rubuta su da salo ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da alamomi uku ga wanda firgici ya zauna masa: abin ya riƙa dawo masa kamar yanzu yake faruwa, a farke ko a barci, ya riƙa kauce wa duk abin da zai tuna masa, kuma kullum yana cikin ɗar-ɗar, ƙaramin motsi ya zabura. Na farkon kawai marubuta suke ɗauka. Na biyun ya fi amfani ga labari, domin ana ganinsa a aikace. A Damagaram kabu-kabu ba ya ƙarewa, to yaya za ta je lakwal? Ta bar babbar hanya, ta bi lungunan Birni, ta makara kullum, mushe, wato malamin aji, ya hukunta ta, ta ƙi faɗin dalili. Kin sami rikicin babi biyu daga alama ɗaya.

Ki kula da jerin yadda abin ke zuwa. Jiki ne ke fara ji: ƙirji ya buga, tafin hannu ya jiƙe, ƙafa ta ƙi ɗagawa ko ta tsinci kanta a bayan bango. Tunani daga baya yake zuwa, wani lokaci ma ba ya zuwa. In kika rubuta "ta tuna da daren nan, sai jikinta ya ɗauki rawa", kin juya shi. Abin da ya dawo mata kuma gutsattsari ne, layi uku ko huɗu: takalmi ƙafa ɗaya, muryar wani yana kiran suna. Kada ki ba da labarin harin a jere daga farko zuwa ƙarshe, kuma kada ki zayyana kisa dalla-dalla, domin cikin masu karatunki akwai yaran da suka gudo da ƙafarsu.

Gwaggo kuwa da wuya ta fara da likita. Za ta ce iska ce ko tsorata, ta nemi tofi da rubutun sha. Ki rubuta wannan da mutunci, ƙauna ce ta sa ta. Ana iya haɗawa da zuwa asibiti daga baya ba tare da an mai da kowa jahili ba.

MushenLise:

Ni ruwan nan ne ba na so ya salwanta, don shi ne ya haɗa garuruwan biyu. Yarinyar ta tashi a bakin kogin da shi ne iyaka tsakanin Nijar da Najeriya, kogin da ke shayar da gonakin tattasai, kuma ta wannan gefen tsoro ya riƙa zuwa. Sai ga ta a garin da ke zaune bisa dutse, inda famfo ke ɗaukewa, ana jera jarkoki masu ruwan ɗorawa tun asuba ana jiran ƴan garuwa. A can ruwa ya yi yawa har ana tsoronsa, a nan ana auna shi. Kada dai a rubuta Komadugu kamar kullum a cike yake, da rani janyewa yake yi sosai.

Tattasai kuma ki sani ba ƙamshi kaɗai ba ne, dukiyar gidansu ce. Dokar ta-ɓaci da aka kafa a jihar Diffa a Fabrairun 2015 ta hana hawan moto, an kuma taƙaita cinikin tattasai da kifi. Ke nan in ta ga buhun tattasai a kasuwar Dole, ba uwarta kaɗai za ta tuna ba, har da sana'ar ubanta da ta tsaya. In ba za ki shiga wannan ba, haɗa shi da moto ki bar shi fitowa biyu.

Wani abu da ba ki ambata ba: da wane harshe take tunani? Mutanen bakin kogin nan galibi Barebari ne. Kalma ɗaya ta Barbarci da ta daina furtawa tun da ta zo, wadda za ta kuɓuce mata a babi na 20, za ta fi madubi aiki nesa ba kusa ba. Ki nemi mai jin harshen ya duba miki ita. Kafin ki kai wa maɗaba'a, ba yara biyar na kolej su karanta, kada ki tambaye su ma'anar komai. Ki ce su lissafa abubuwan da suka tuna. Wanda uku daga cikinsu ba su ambata ba bai kama ba.

ƳarGarinMalam:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tsayar da mabuɗi, moto da ruwa. Saura ƙarshe: na yi niyyar ta jefa mabuɗin a rijiya a babi na 24.

MaiGyaranRubutu:

A'a, ƙanwata. Jefawa na cewa ta warke sarai, kuma kin ji abin da ma'aikacin lafiya ya faɗa game da yadda abin ke zama a jiki. Ki sa fitowarsa ta ƙarshe a babi na 22, ba 24 ba, kuma canjin ya zama ƙarami: ta cire shi daga wuya ta sa a aljihun jakar lakwal, ko ta bar ƙanen gidan ya riƙe shi minti ɗaya. Moto kuma ya wuce ta a babi na 23, gabanta ya faɗi yadda ya saba, amma ta ƙarasa tsallaka titin. Babi na 24 ki bar wa mutanen labarin.