Janar Patton na fim da na gaskiya

Ɗan Unguwar Rogo: Assalamu alaikum, malamai. Ɗaliban fim a nan Jos suna yawan kafa misali da *Patton* na 1970. Haka janar ɗin, wato George Patton na sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, yake, ko kwalliya aka yi masa?

Malam na Gangare: Wa alaikumus salam. Muryar ma ba tasa ba ce. George C. Scott, ɗan wasan da ya fito a matsayin Patton, yana gurnani kamar zaki, alhali Patton siririyar murya gare shi. Sai batun mari: a Sisili, cikin Agustan 1943, sojoji biyu ya mara a tantin asibiti, fim ɗin ya dunƙule su ɗaya. Janar Eisenhower, babban kwamandansa, shi ne ya sa shi neman afuwa.

Hajiya Tudun Wada: Ɗana, duba wanda ya ba da labarin. Janar Omar Bradley, wanda ya yi yaƙin tare da Patton, shi ne mai ba masu fim ɗin shawara, kuma littafinsa na cikin biyun da aka ɗauko labarin daga ciki. Shi ya sa Bradley ya fito mai natsuwa, Patton kuwa ɗan fitina. Wa zai zana kansa da muni?

Baba Bukuru: Ku ƙara da tankokin. A Sifen aka ɗauki mafi yawan fim ɗin, tankokin "Jamus" kuwa M48 ne ƙirar Amurka, waɗanda aka ƙera bayan yaƙin. Fenti kawai aka sauya musu.