Kyanwar daji tana ƙarar mini da kaji, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Ina kiwon kaji da zabbi a gonata da ke bakin daji, kuma cikin makonni 3 na rasa guda 11, kusan kullum tsakanin magariba da asuba.

Na tabbata ba dila ba ne, domin sawun da nake gani a ƙasa zagayayye ne mai yatsu 4 kuma babu alamar farce, ga shi waɗanda na tsinta duk a ƙeya aka cije su. Dabbar tana laɓewa shiru a cikin ciyawa har sai kaza ta matso, sannan ta yi tsalle ɗaya ta ɗauke ta ba tare da hayaniya ba.

Na sare ciyawar, na ƙara wa katanga tsawo, amma ta haura ta bishiyar darbejiyar da ke jingine da ita. Na rataya fitila mai aiki da hasken rana, bayan kwana 4 ta saba da ita. Karena kuwa ba ya farga sai an gama ɓarna. Ba na son zuba guba, domin karnuka da ungulaye za su ci su mutu.

Yaya zan gina akurkin da kyanwar daji ba za ta iya haurawa ko kutsawa cikinsa da dare ba?