Kamun kifin salmon a Kogin Kolumbiya: shawarwarin masana ruwan

Waɗanda suka saba kamun salmon na Maris da Afrilu a Kogin Kolumbiya, Amurka, bakinsu ya zo ɗaya: kifin ƙasa-ƙasa yake bi. A tuƙa kwale-kwale sannu, ana bin ruwa, da dalmar nutsar da ƙugiya mai nauyin giram 170 zuwa 340 tana ɗan taɓa ƙasa.

Kifin herin da za a maƙala a ƙugiya ya kwana cikin ruwan gishiri, a yanke kansa a karkace don ya riƙa juyawa. In bai juya ba, aikin banza ne. Ruwa ya yi laka, a rage tsawon zaren ƙugiya.

Gaggawa ce ke ɓata lamari: kifi ya taɓa, kada a fizga sai sandar ta lanƙwashe sosai. Salmon ɗin da ba a yanke masa ɗan fiffiken kusa da wutsiya ba (alamar na gidan kiwo ke nan) na daji ne, doka ta ce a sake shi.