Shawarwari kan manhajar tsara adana littattafan ajami

Masu aikin ɗaukar tsofaffin littattafan ajami a kwamfuta a Zariya sun yi ittifaƙi cewa manhajar ta fara da gane nau'in kowane fayil, kamar yadda DROID, wata manhajar tantance nau'in fayil, ke yi. A adana hoton shafi a TIFF (wani nau'in fayil na hoto), rubutu a PDF/A (nau'in PDF na ajiyar dogon lokaci), a yi kwafi uku, ɗaya a wani gari.

Inda zancen ya yi tsawo shi ne ɓarnar da ido ba ya gani. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafa, fayil ya gurɓata, a yi ta yaɗa gurɓataccen. Maganinsa manhajar ta fitar da lambar SHA-256 ta kowane fayil, wato lambar da ke sauyawa da zarar abin da ke cikin fayil ya sauya, tun ranar shigarwa, ta riƙa kwatantawa duk wata 6. Faifan ajiyar fayilolin kuma a sauya shi kafin ya fara gardama, zafin bazara yana rage masa kwana.